Hayaƙin Farar Wuta Yana Gurgunta Tsintsiyar Ƙirji

Kowa ya san amfanin tsintsiya. Gidan da aka kwana biyu ba a share ba, shara za ta taru, ƙudaje su biyo baya, cuta ta shigo. To, ƙirjin ɗan Adam ma yana da tasa tsintsiyar. Tana shara dare da rana, ko mutum yana barci ko yana farke. Amma akwai wani hayaƙi da yake gurgunta ta, shi ne hayaƙin farar wuta. Ana samunsa a rumfar injin niƙa, da cikin tasha, da wurin da ake ƙona tayar mota. Ya kamata mutanen Sabon Birni da Isa su san shi sosai, domin ƙasar Gobir ƙasar ƙura ce. Mai zama cikin ƙura kuwa shi ya fi kowa bukatar tsintsiya mai kyau.

Yadda tsintsiyar ƙirji take aiki

Baligi yana jan numfashi wajen sau 20,000 a kwana ɗaya. Iskar da yake shaƙa ta kai kimanin lita 10,000, wato cikin duro 50 irin mai cin lita 200. Iskar nan ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da ƙura, da toka, da ƙaiƙayin gero, da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani.

Iska tana shiga ta hanci, ta wuce maƙoshi, ta gangara maƙogwaro. A ƙasa maƙogwaro ya rabu biyu, reshe ɗaya ya shiga huhun dama, ɗaya ya shiga na hagu. Cikin huhu kuma kowane reshe ya yi ta rarrabuwa kamar rassan itace. Idan da duk dattin da ake shaƙa yana zama a cikin waɗannan rassa, da huhu ya toshe tun mutum yana yaro. Abubuwa uku ne suke hana haka.

Na farko shi ne gashin hanci. Shi yake tare manyan abubuwa, kamar yadda rariya take tare tsaki.

Na biyu shi ne majina. Tun daga hanci har cikin rassan huhu, bangon hanyar iska a shafe yake da majina. Hawa biyu gare ta. Ta ƙasa ruwa-ruwa ce, ta sama kuma mai danƙo ce. Ƙura da ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a kan mai danƙon.

Na uku su ne waɗansu ƙananan gashi da suka tsiro a jikin bangon, ƙarƙashin majinar. Su ne ainihin tsintsiyar. Ƙanƙantarsu ta wuce misali, sai an jera kamar goma kai da kai kafin su kai kaurin silin gashin kai ɗaya. Sai da madubin likita ake ganinsu. Suna kaɗawa fiye da sau 600 a minti ɗaya, kuma duk wuri ɗaya suke tura majina, wato wajen maƙoshi. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura gaba, kamar yadda 'yan gayya suke miƙa wa juna tubali. A jikin mai lafiya, ƙurar da ta maƙale a gindin maƙogwaro tana iya isowa maƙoshi cikin kamar rabin awa. Daga nan mutum ya haɗiye ta bai ma sani ba, ruwan tsamin ciki ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar. Wani lokaci kuma ya yi kaki ya tofar.

Tari da atishawa mataimaka ne. Jiki yana kiransu idan shara ta fi ƙarfin tsintsiya.

Mene ne hayaƙin farar wuta?

Farar wuta ba baƙuwa ba ce. Ita ce ɗorawar nan mai kama da dutse da ake samu wajen masu sayar da magani a kasuwa. An daɗe ana shafa ta don ƙazuwa, maharba kuma suna haɗa albarushi da ita. Idan ta ƙone tana fitar da wata iska marar launi mai wari mai yaji. Wanda ya taɓa ƙyasta ashana kusa da hancinsa ya ji wani abu ya soke shi, to ya shaƙi kaɗan daga cikinta. Masana kimiyya suna kiranta salfa dayoksaid.

Akwai farar wuta a cikin ɗanyen mai tun daga ƙarƙashin ƙasa. Idan matata ba ta cire ta sosai ba, sai ta biyo man gas da fetur da baƙin mai. Akwai ta cikin kwal. Akwai ta kuma cikin tayar mota, domin da ita ake gasa roba ta yi ƙarfi. Duk kilo 1 na farar wuta da ya ƙone yana ba da kilo 2 na wannan iska.

A lura da abu ɗaya. Baƙin da ake gani yana fita daga salansa kunkunniya ce. Ita iskar farar wuta ba a ganinta, hanci da ido da maƙoshi ne suke jin ta. Amma sau da yawa tare suke tafiya.

Ina ake gamuwa da ita a Sabon Birni da Isa?

Babu manyan masana'antu a waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Iskar gona a Gatawa ko Turba ko Bafarawa ba irin ta manyan birane ba ce. Haɗarin yana wuraren da hayaƙi yake taruwa kusa da hancin mutane.

Wuri na farko shi ne rumfar injin niƙa, da injin markaɗe, da injin casar shinkafa masu shan man gas. Sau da yawa rumfar ƙarama ce, an rufe ta da kwano ko zana, salansa kuma tana huci a ciki. Mai inji yana wuni a wurin. Yara da 'yan mata da aka aiko niƙa suna tsaye suna jiran layi.

Wuri na biyu shi ne tasha da kasuwa. Manyan motoci masu ɗaukar hatsi da albasa da dabbobi sukan tsaya inji yana aiki, 'yan dako suna loda buhuna a bayan mota, daidai bakin salansa.

Wuri na uku shi ne inda ake ƙona taya, ko don babbaka kai da ƙafa, ko don cire wayar ciki, ko don jin ɗumi da asuba. Haka nan wurin da ake hura wuta da baƙin man da aka juye daga inji.

Wuri na huɗu shi ne janareta da aka ajiye a zaure, ko a bakin shago, ko ƙarƙashin taga. Injin ban ruwa na fadamar Gulbin Rima shi ma yana hayaƙi, sai dai a fili yake, iska tana kwashewa. Duk da haka bai kamata a zauna a gefen salansarsa ba.

Ɓarnar da take yi a hanyar iska

Iskar farar wuta tana son ruwa ƙwarai. Da ta taɓa wuri mai laima sai ta narke ta zama ruwa mai tsami, dangin ruwan batir, sai dai bai kai shi ƙarfi ba. Hanci da maƙogwaro kuwa kullum a jiƙe suke. Shi ya sa mutum yake jin yaji a hanci, ido ya yi hawaye, maƙoshi ya yi ƙaiƙayi.

Idan mutum yana zaune yana numfashi ta hanci, hancin yana tsotse fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar kafin ta wuce ciki. Amma mai aikin ƙarfi da baki yake numfashi, kuma da sauri. A nan iskar tana tsallake hanci ta faɗa maƙogwaro da rassan huhu. Saboda haka ɗan dako mai haki a bayan mota ya fi direban da yake zaune shan wahala.

Ɓarnar tana zuwa hawa-hawa.

Da farko majina tana ƙaruwa, tana kuma yin kauri. Jiki ne yake ƙoƙarin kare kansa. Amma tsintsiyar da take share busasshiyar ƙasa cikin sauƙi ba ta iya share taɓo. Gashin suna kaɗawa, majinar ba ta gaba yadda ya kamata.

Na biyu, idan hayaƙin ya yi yawa, su kansu gashin suna rage sauri. Idan abin ya daɗe sai waɗansu su karye su zube, wurin ya zama fili kamar gonar da fari ya ci. A madadinsu sai ƙwayoyin jiki masu yin majina su ƙaru. Ga shara ta yi yawa, ga masu shara sun ragu.

Na uku, bangon hanyar iska yana kumbura, naman da ya kewaye ta kuma yana tsukewa. Hanya ta ƙuntata, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito. Masu ciwon asma su suka fi jin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa minti 10 kacal cikin wannan iska ya isa ya taɓa numfashin mai asma idan yana motsa jiki.

Masana sun gwada wannan tun da daɗewa. A shekarar 1956 wani masani a ƙasar Suwidin mai suna Tore Dalhamn ya sa ɓeraye cikin iskar farar wuta na makonni. Ya ga majinar maƙogwaronsu ta yi kauri, tafiyarta ta ragu. A 1968 a Landan, likita Lynne Reid da abokin aikinta suka nuna cewa ƙwayoyin jiki masu yin majina suna ƙaruwa a hanyar iskar ɓerayen da suka daɗe suna shaƙarta. A 1974 kuma a ƙasar Denmak aka gwada samari masu lafiya, aka ga tafiyar majinar hancinsu ta ragu bayan sun shaƙi iskar na 'yan awoyi.

Abin da yake biyo baya

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cutar da ya kamata a share ta cikin ɗan lokaci, sai ta kwana, ta samu majina mai ɗumi, ta hayayyafa. Daga nan mura ta ƙi warkewa, ta sauka ƙirji, wani lokaci ta zama ciwon huhu wanda ake kira namoniya.

Wanda tsintsiyarsa ta lalace, tari ne kaɗai ya rage masa. Shi ya sa yake tashi kowace safiya da tari da kaki mai yawa, don majinar dare ta taru babu mai kwashewa. Idan mutum yana tari da kaki kusan kullum har wata 3 a shekara, shekara 2 a jere, likitoci suna ɗaukarsa a matsayin mai daɗaɗɗen ciwon hanyar iska. Irin wannan mutum, kunya biyu zai yi a gona ya tsaya yana haki.

Yara ƙanana sun fi shiga haɗari, domin hanyar iskarsu siririya ce, kumburi kaɗan ya isa ya ƙuntata ta. Sai tsofaffi, da masu asma, da masu ciwon zuciya, da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka.

Hunturu ya fi kowane lokaci haɗari

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi. Tana ratsa Nijar ta sauka a kan ƙasar Gobir. A lokacin nan aikin tsintsiyar ƙirji yana ninkuwa. Busasshiyar iska mai sanyi kuma tana busar da majina, ta ƙara mata danƙo.

A lokacin ne kuma ake sussuka da casa da shiƙa bayan kaka, ƙaiƙayi ya cika iska. A lokacin ne ake rufe ƙofa da taga saboda ɗari. Da asuba idan iska ta kwanta, hayaƙi ba ya tashi sama, yana tsayawa daidai tsayin mutum. Wanda ya haɗa ƙurar hunturu da hayaƙin farar wuta ya ɗora wa jaki kaya biyu, ya kuma ɗaure masa ƙafa.

Ga kuma halin rashin tsaro. Tun wajen 2019 mutane da yawa sun bar ƙauyukansu, waɗansu sun shigo garin Sabon Birni da garin Isa, waɗansu sun tsallaka jihar Maraɗi. Inda mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya, tari ba ya wuyar yaɗuwa. Inda hanya ba ta da tabbas, kai marar lafiya asibiti da dare aiki ne babba. Wannan ya ƙara wa rigakafi daraja.

Abin da ya faru a waɗansu ƙasashe

A birnin Landan na ƙasar Ingila, mutane sun daɗe suna ƙona kwal don jin ɗumi. Daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 iska ta tsaya cik, hayaƙin kwal da na farar wuta suka haɗu da hazo suka rufe birnin. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun mutu. Binciken baya ya kai adadin zuwa kusan 12,000. Yawancinsu tsofaffi ne da masu ciwon ƙirji da na zuciya. Wannan ya sa aka kafa dokar tsabtace iska a 1956.

A Hong Kong kuma, a watan Yuli 1990 hukuma ta tilasta rage farar wuta a cikin man da ake ƙonawa. Nan da nan iskar ta ragu a sararin birnin. Bincike ya nuna tari da ƙarar ƙirji sun ragu a wajen 'yan makaranta, mace-mace daga ciwon numfashi ma sun ragu. Wannan ya nuna idan hayaƙi ya ragu, ƙirji yana samun sauƙi.

Batun man gas a Nijeriya

A ƙasashen Turai doka ba ta yarda farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan ɗaya na mai ba. A Nijeriya kuwa, shekaru da yawa an yarda man gas ya kai kashi 3,000 cikin miliyan, wato kilo 3 na farar wuta a cikin kowane kilo 1,000 na mai. A watan Satumba 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka man da ba za a yarda a sayar a Turai ba. A Disamban shekarar, Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddebuwa suka amince a Abuja za su daina karɓar irin wannan mai. Duk da haka, a 2020 ƙungiyar SDN ta bayyana cewa ta auna man gas na gidajen mai a kudancin Nijeriya, ta tarar farar wutar cikinsa ta ninka ta Turai fiye da sau 200. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka tsayar da kashi 50 cikin miliyan a taronsu na Wagadugu. Dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021 ita ma ta bi wannan ma'auni.

Sa ido a kan mai aikin hukuma ne. Mai sayen man gas a jarka ba ya iya gane yawan farar wuta da ido. Abin da yake hannunsa shi ne inda hayaƙin zai fita.

Abin da ya kamata a yi

1. A sa wa salansar injin niƙa dogon bututun ƙarfe, ya fita waje ya wuce saman rufi. Mai walda zai iya yin wannan cikin wuni ɗaya.

2. A buɗe rumfar inji ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Masu jiran niƙa su tsaya a waje, ta gefen da iska take fitowa. Kada mace ta shiga rumfar da goyo a baya.

3. Direba ya kashe mota yayin lodi da sauke kaya. Ya rage wa 'yan dako wahala, ya kuma rage wa kansa asarar mai.

4. A daina babbaka da tayar mota ko baƙin mai. Kara da itace sun fi, kuma a yi a fili nesa da gidaje.

5. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga. Ban da iskar farar wuta, yana fitar da wata iskar dabam marar wari ko kaɗan, wadda take kashe mutane cikin barci.

6. A riƙa gyara inji a kan lokaci. Injin da yake baƙin hayaƙi yana ƙara wa ƙirji kunkunniya a kan farar wuta.

7. Amawali ko ƙyallen rufe hanci yana tare manyan ƙura, yana da amfani ranar hazo da wajen sussuka. Amma iskar farar wuta tana ratsa shi. Maganinta a matsa daga wurin.

8. A sha ruwa isasshe, musamman da hunturu lokacin da ƙishirwa ba ta damun mutum. Jikin da ya bushe majinarsa kauri take yi.

9. A bar taba. Hayaƙinta ma yana gurgunta waɗannan gashi. Hayaƙin itace ba shi da farar wuta mai yawa, amma shi ma yana wahalar da su, don haka a yi girki a wuri mai iska, a kuma kawar da yara daga bakin murhu.

10. Mai tari da kaki kada ya sha maganin danne tari ba tare da umarnin ma'aikacin lafiya ba. Tarin shi yake fitar da abin da tsintsiya ta kasa. A tuna kuma gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu 2018.

Yaushe za a tafi asibiti?

A tafi idan tari ya kai mako 2 bai tsaya ba, don a auna kaki a duba tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka. A tafi nan take idan an ga jini cikin kaki, ko mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki.

Ga yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya lokacin da yake kwance ba ya kuka. Ɗan wata 2 zuwa wata 11, idan ya kai 50 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, idan ya kai 40 ko fiye, haka nan. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki yayin da yake jan numfashi, ko ya kasa shan nono, kada a jira gobe.

Tsintsiyar tana iya farfaɗowa

Idan aka raba mutum da hayaƙi, bangon hanyar iska yana gyara kansa, sababbin gashi su tsiro cikin makonni ko watanni. Amma idan an shekara da shekaru ana shaƙa, wata ɓarnar ba ta gyaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya fara aikin inji bana ya fi tsohon mai inji damar tsira da ƙirjinsa.

Yawancin gyaran nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai a samu mai tsayawa a kai. Sarkin kasuwa zai iya sa masu inji su fitar da salansa waje. Sarkin fawa zai iya hana ƙona taya a wurin babbaka. Shugabannin tasha za su iya sa doka a kashe mota yayin lodi. Mai unguwa da magidanta kuma su duba inda janareta yake kwana, da inda ake aika yaransu niƙa. Lokacin yin wannan shi ne kafin hunturu ya shigo.